Ashar, maye da karin harshe: me ya raba kan masu kallon fim ɗin 'yan gidan Bronte?

Me zai sa fim ɗin da aka shirya don karrama wasu marubuta mata uku ya ɓata wa masoyan marubutan rai? Tambayar da ta biyo bayan To Walk Invisible ke nan, fim ɗin awa biyu da tashar BBC One ta nuna a daren 29 ga Disamba, 2016, tashar PBS ta Amurka kuma ta nuna shi a Maris ɗin 2017. Labarin 'yan gidan Bronte ne: Charlotte da Emily da Anne, da ɗan'uwansu Branwell, da tsohon mahaifinsu Patrick. Masu sharhi a jaridu galibi sun yaba. Masu kallo a gida kuwa sun rabu, kuma duk lokacin da wani ya sake cin karo da fim ɗin sai gardamar ta dawo sabuwa fil. Wasu sun ce ba su ji abin da 'yan wasan ke faɗi ba. Wasu sun ce ashar a gidan limamin coci bai dace ba. Wasu kuma sun ce matan uku suka zo kallo, sai aka cika musu ido da mashayin ɗan'uwansu.

Ruwa ba ya tsami banza, kowane ƙorafi yana da tushe. Abin da ya ba ni mamaki da na bi diddigi shi ne, ukun nan duk an taɓa yin su tun tsakanin 1847 da 1850. A lokacin ba a kan fim aka yi su ba, a kan littattafan matan aka yi su.

## Gidan da ake magana a kai

Patrick Bronte ɗan talakawan ƙasar Ailan ne, an haife shi a 1777, ya yi ta fafutika har ya samu shiga jami'ar Cambridge, ya zama limamin cocin Ingila. A 1820 ya tare da iyalinsa a Haworth, wani gari da ke kan tudu a yammacin Yorkshire, a arewacin Ingila. Shekara ɗaya da zuwansu matarsa Maria ta rasu ta bar masa 'ya'ya shida, sai yayarta Elizabeth Branwell ta baro Penzance ta zo ta riƙe yaran. A 1825 manyan biyun, Maria da Elizabeth, suka kwaso tarin fuka daga makarantar kwana ta Cowan Bridge suka rasu. Saura huɗu: Charlotte da aka haifa a 1816, Branwell 1817, Emily 1818, da auta Anne 1820.

Huɗun nan sun taso suna ƙirƙirar ƙasashe da sarakuna a ka. Mafarin abin wasu sojojin katako ne da uban ya sayo wa Branwell a 1826, daga nan suka shiga rubuta labaran ƙasashensu na Angria da Gondal a cikin littattafai 'yan mitsi-mitsi da suke ɗinkawa da hannu. Da wannan fim ɗin ya buɗe: yara huɗu da wuta tana ci a saman kawunansu kamar kambi, suna gudu a cikin fadar da babu ita sai a zuciyarsu. Akwai waɗanda tun daga nan suka fara ɗaure fuska.

Amma fim ɗin bai bi rayuwarsu daga haihuwa zuwa kabari ba. Shekara uku kacal ya ɗauka, daga 1845 zuwa 1848. A cikinsu ne matan suka buga kundin waƙoƙi da sunayen aro na Currer da Ellis da Acton Bell, sannan littafin Charlotte Jane Eyre ya fito a Oktoban 1847, Wuthering Heights na Emily da Agnes Grey na Anne a Disambar shekarar, The Tenant of Wildfell Hall na Anne kuma a Yunin 1848. A cikinsu ne kuma Branwell ya lalace har ya mutu. Sunan fim ɗin daga wata wasiƙar Charlotte aka ɗauko shi, inda take yaba fa'idar da marubuci ke samu idan yana yawo cikin mutane ba a san shi ba. Wato sunan aro ya zame musu layar zana.

## Fim ɗin zamanin da, da abin da ake sa rai a gani

Wasan kwaikwayon zamanin da shi ne wanda ake ɗora labarinsa a wani lokaci da ya shuɗe, a sa wa 'yan wasa tufafin lokacin, a gina musu ɗakuna da tituna irin na lokacin. Ya bambanta da shirin binciken tarihi, wanda ke kawo masana da takardu ya ce ga abin da ya faru. Mai wasan kwaikwayo yana da damar cike giɓi. Wasiƙa za ta gaya masa an yi faɗa a gida, amma ba za ta gaya masa wa ya fara ɗaga murya ba, shi zai ƙirƙiro wannan. Yawancin rikicin masu kallo a wannan giɓin yake faruwa.

Sai kuma sabo. Talabijin ɗin Birtaniya ya daɗe yana ciyar da mutane irin wannan fim a lokacin hutun Kirsimeti: manyan gidaje, riguna masu jan ƙasa, kekunan doki, Turancin fada, soyayya mai ƙarewa da aure. Mutum ya ci ya ƙoshi, ya miƙe ƙafa a kujera, abin da yake jira ke nan. Sally Wainwright, wadda ta rubuta fim ɗin kuma ta ba da umarni, ba daga wannan layin ta fito ba. 'Yar yankin ce, a Sowerby Bridge ta girma, ba nisa da Haworth, kuma an fi saninta da Happy Valley, shirin 'yan sanda mai cike da ƙwaya da tashin hankali a garuruwan wannan yankin. Da wannan idon ta kalli gidan limamin. Aka gina kwafin gidan a kan tudun Penistone, ba bishiya ko ɗaya, kamar yadda yake a da. Tituna da laka, gefen riguna da datti, ɗakuna da duhu, fuskoki ba kwalliya.

Tarihi yana bayanta a nan. A 1850 wani jami'in lafiya mai suna Benjamin Babbage ya binciki Haworth, ya tarar matsakaicin shekarun mutuwa bai kai 26 ba, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na yara ba sa kai shekara shida. Ruwan da wasu ke sha ta ƙarƙashin maƙabarta yake biyowa. Garin masaƙun ulu ne mai hayaƙi da cunkoso, ba ƙauyen da ke can bayan duniya ba. Wanda ya ce an ƙazanta wurin da gangan bai karanta rahoton Babbage ba.

## Matsalar kunne

Ƙorafin rashin ji gida biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su.

Na farko na na'ura ne. Ana haɗa sautin fim a ɗaki na musamman mai manyan lasifikoki, alhali talabijin ɗin zamani siriri ne, ƙananan lasifikokinsa ƙasa ko bango suke kallo. 'Yan wasan yau kuma suna magana ƙasa-ƙasa kamar yadda ake yi a ɗaki, ba irin ta dandamali ba. Ka ɗora kiɗa da kukan iska a kai, sannan ka tuna cewa kunnen mai shekaru baƙaƙe yake fara rasawa kafin wasula. Wannan ba laifin mai kallo ba ne, kuma ba a kan wannan fim aka fara ba. A 2014 BBC ta karɓi ƙorafi sama da 2,000 kan rashin jin magana a shirin Jamaica Inn. Akwai dalilin da ya sa mutanen Birtaniya ba sa haɗiye irin wannan: da kuɗin lasisin talabijin da gidaje ke biya ake gudanar da BBC, fam 145.50 a shekara a wancan lokaci. Wanda ya biya kuɗin kaya yana da bakin cewa kayan ba su yi ba. Ni ma sai da na kunna rubutun ƙasan allo kafin na kama rabin abin da Emily ke faɗi idan ta fusata.

Na biyu na karin harshe ne. 'Yan wasan sun yi magana da karin Yorkshire, wanda ke wahalar da mutumin kudancin Ingila, balle Ba'amurke. A nan ba maganar ji kaɗai ake ba, akwai maganar aji a ciki. A Ingila karin harshe yana nuna gidan da ka fito, kuma kunnuwa da yawa sun saba da cewa mai hazaƙa a fim da Turancin Landan yake magana, mai karin arewa kuwa bara ne ko direban keken doki. Jin marubuciyar Jane Eyre tana magana kamar mai sayar da burodi a Keighley, garin da ke kusa da Haworth, ya sosa wa wasu inda ba sa so.

Charlotte da kanta ta san wannan matsala. A Wuthering Heights akwai wani tsohon bara mai suna Joseph da Emily ta rubuta maganarsa da tsantsar karin Yorkshire, harafi da harafi. Da za a sake buga littafin a 1850, bayan rasuwar Emily, sai Charlotte ta sassauta maganar Joseph, ta gaya wa mawallafinta cewa mutanen kudu ba za su fahimta ba. Shekara 166 ke nan kafin fim ɗin.

Sai dai kada a ɗauka karin da aka ji a fim shi ne tabbataccen muryarsu. Ƙawar Charlotte ta makaranta, Mary Taylor, ta ce lokacin da Charlotte ta zo makarantar Roe Head a 1831 da karin Ailan mai ƙarfi take magana, irin na mahaifinta. Innar da ta rene su kuma 'yar Cornwall ce. Wainwright zaɓi ta yi, zaɓi mai hujja, amma zaɓi ne.

## Ashar a gidan limami

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Munanan kalmomin galibi daga bakin Branwell suke fitowa, mutumin da ya yi aikin tashar jirgin ƙasa a Luddenden Foot, ya zauna a mashayun Halifax, ya mai da mashayar Black Bull ta Haworth gidansa na biyu. Kalmomin sun girmi zamaninsa da ɗaruruwan shekaru. Abin da babu a lokacin shi ne buga su a takarda, shi ya sa muke zaton mutanen da bakinsu tsarkakakke ne. Littattafansu aka tace, ba harsunansu ba.

A nan ma Emily ta riga kowa. Al'adar masu ɗab'i a lokacin ita ce a rubuta harafin farko da na ƙarshe na kalmar tsinuwa, a ja layi a tsakiya. Ita kuwa ta rubuta nata a cike. A gabatarwar bugun 1850 Charlotte ta amsa cewa masu karatu da yawa za su ji zafin ganin kalmomin da haruffansu duka, amma ta ce ita ba ta ga amfanin ɓoye su da layi ba. Masu sharhin lokacin sun yi ta kiran littattafan 'yan Bell da rashin ladabi. Elizabeth Rigby ta rubuta a mujallar Quarterly Review a Disambar 1848 cewa in har mace ce ta rubuta Jane Eyre, to mace ce da ta yi abin da ya raba ta da zama cikin mata 'yan'uwanta.

Duk da haka, mai kallon da ya zauna da 'ya'yansa da surukarsa a daren hutu yana zaton fim ɗin adabi ne, sai ya ji abin da ya sa shi neman rimot, yana da hujjarsa. Matsalarsa ta lakabin da ke jikin kaya ce.

## Branwell, ɗan kuka

Nan ne gardamar ta fi zafi, kuma nan ne ta fi cancantar a tsaya.

Masu ƙorafi suna cewa: mata uku sun yi abin da ba a taɓa gani ba a adabin Ingilishi, sun yi shi a ɓoye saboda zamaninsu ba ya son mace da alƙalami, sai ga shi bayan kusan shekara 170 an zo ba da labarinsu an sake ba namijin gidan fili, namijin da bai gama komai ba. Ana ganinsa yana layi a titi, yana kuka, yana tatsar kuɗi a hannun tsoho, masu bin bashi suna ƙwanƙwasa ƙofa. Duk mintin da aka ba shi, an ƙwace shi ne daga Anne ko Emily.

Masu kare fim ɗin kuma lissafi suke kawowa. Gidan da suke ciki ba nasu ba ne, na coci ne, ranar da Patrick ya rufe ido za a ce su kwashe kayansu. A 1845 shekarunsa 68, yanar ido ta kusa makantar da shi, sai da aka yi masa aiki a Manchesta a Agustan 1846. Matan ba su da dukiyar da za ta jawo miji. Aikin da ya rage wa mace mai ilimi marar kuɗi shi ne koyar da yara a gidan masu hali, ba ta cikin bayi ba ta cikin iyayen gida, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Charlotte ta taɓa yi a kan fam 20 a shekara, kuma ta tsane shi. Sun yi yunƙurin buɗe makaranta a gida a 1844, sun buga takardun talla, ko ɗaliba ɗaya ba ta zo ba. Wanda aka ɗora wa buri shi ne Branwell, namiji tilo. Shi ne zai zama mai zane ko mawaƙi, shi zai riƙe 'yan'uwansa mata in uba ya kau.

Ga yadda burin ya ƙare. Zanen hotunan mutane a Bradford bai yi kasuwa ba. Aikin jirgin ƙasa an sallame shi a 1842 saboda kuɗi sun yi giɓi a littafin da yake kula da shi. Anne ta samo masa koyarwa a gidan Robinson da ke Thorp Green inda take aiki, aka kore shi a Yulin 1845, shi kuma ya ce soyayya ce tsakaninsa da matar gidan, Lydia Robinson. Mijin ya rasu a 1846, Branwell ya sa rai za ta aure shi, ba ta yi ba. Daga nan sai giya da ruwan ofiyom, wanda a lokacin ake sayarwa a kantin magani ba tare da takardar likita ba. Takarda ta ƙarshe da aka samu da rubutun hannunsa roƙo ce ga abokinsa John Brown ya samo masa barasar kwabo biyar.

A kakar 1845 ɗin nan, watanni kaɗan bayan korar Branwell, Charlotte ta ci karo da littafin waƙoƙin Emily. Fim ɗin ya nuna wannan da kyau: Charlotte tana bincike a ɗakin da ba nata ba, tana karatu numfashinta na sama-sama, sai Emily ta gano, ta taso mata kamar za ta cinye ta ɗanya. Charlotte ta rubuta daga baya cewa sai da ta yi awoyi kafin ta shawo kan fushin, ta yi kwanaki kafin ta shawo kanta a buga. Da ɗan gadon da innarsu ta bar musu suka biya sama da fam 30 aka buga kundin a 1846. Kwafi biyu aka sayar. Ba su karaya ba, suka juya ga ƙagaggun labarai, domin nan kuɗi yake. Tun a 1837 babban mawaƙin fada Robert Southey ya ba Charlotte shawara a wasiƙa cewa adabi ba zai zama sana'ar mace ba, kuma bai kamata ya zama ba. Ta ajiye wasiƙar. Abin da ya sa ta tsallake shawarar bayan shekara takwas ba hazaƙa kaɗai ba ce, hazaƙar tana nan tun suna yara. Tsoron kwana a titi ne ya ƙaru.

Da wannan lissafi, Branwell ba kutse ya yi cikin labarin matan ba, shi ne ramin da suke ƙoƙarin tsallakewa. Kuma cikin masu kallo akwai wani rukuni da bai damu da adabi ba sam, amma ya gane gidan nan take: waɗanda suka taɓa zama da mashayi. Sun san ɓoye kuɗi, sun san sauraren takun ƙafa da tsakar dare don a gane yau da wane hali ya dawo, sun san uban da ke cewa wannan ne karo na ƙarshe alhali kowa ya san ba shi ba ne. Patrick ya koma kwana ɗaki ɗaya da ɗansa don ya sa masa ido. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ɗan wasa Jonathan Pryce ya fito da wannan tsoho yadda duk wanda ya ga irinsa zai gane shi.

Ƙorafi na uku shi ma tsoho ne. The Tenant of Wildfell Hall labarin mace ne da ta gudu da ɗanta daga hannun miji mashayi, kuma masu sharhin 1848 sun ce wuraren maye sun yi yawa, sun yi muni. Anne, wadda ake ɗauka ita ce mai sanyin gidan, ta mayar da martani a gabatarwar bugu na biyu cewa gara a nuna mugunta yadda take da a lulluɓe tarko da furanni.

Ni dai a nawa ganin, fim ɗin ya yi daidai da ya sa Branwell a tsakiya, amma ya yi kuskure a rabon mutuwa. Branwell ya rasu ranar 24 ga Satumba, 1848, yana da shekara 31, kuma an nuna mana jinyarsa da fitar ransa. Emily ta bi shi ranar 19 ga Disamba tana da 30, ta ƙi likita har kusan ƙarshe. Anne ta rasu a Scarborough ranar 28 ga Mayu, 1849, tana da 29. Su biyun a rubutu aka sallame su, layi kaɗan a kan allo. Wata takwas da suka cinye mutum uku a gida ɗaya, aka ba ɗaya hawaye aka ba biyu sanarwa. Wanda ya ji haushin wannan bai yi laifi ba. Haka kuma zaman karatun da Charlotte ta yi a Brussels, wanda ya canja ta ƙwarai, da ƙyar aka taɓo shi.

Abu ɗaya da ya kamata a ba Branwell haƙƙinsa: ya riga su ganin waƙarsa a buge, a jaridun yankin irin su Halifax Guardian, da sunan Northangerland. Kuma hoton matan uku da duniya ta fi sani, wanda ke rataye a gidan hotuna na ƙasa a Landan, shi ya zana shi wajen 1834. Da farko har da shi a ciki, sai ya shafe kansa da ginshiƙi. Da fentin ya tsufa, inuwarsa ta fara ɓullowa ta cikin ginshiƙin.

## Hoton da masu kallo suka zo da shi

In mutum ya ce ba haka 'yan Bronte suke ba, da me yake gwadawa? Yawanci da hoton da Elizabeth Gaskell ta zana a tarihin rayuwar Charlotte da ta fitar a 1857, ko da bai taɓa buɗe littafin ba. Charlotte ta rasu a Maris ɗin 1855, wata tara bayan aurenta da Arthur Bell Nicholls, kuma Patrick ne ya roƙi Gaskell ta rubuta. Gaskell ƙawa ce, aikin rufin asiri ta zo yi. Tana so ta wanke Charlotte daga zargin rashin ladabi, sai ta nuna ta a matsayin 'ya mai biyayya da wahala ta dafa, a wani gari da ke ƙarshen duniya, a hannun uba mai baƙin hali. Labaran da ta bayar na Patrick yana ƙona takalman yara yana yayyaga rigar matarsa daga bakin wata mai jinya da aka sallama daga gidan suka fito. Wasiƙun da Charlotte ta rubuta wa malaminta na Brussels, Constantin Heger, mai mata da 'ya'ya, Gaskell ta san da su ta danne abin da ke cikinsu, sai a 1913 aka buga su. Lydia Robinson kuwa ta yi barazanar kai ƙara, dole aka janye abin da aka rubuta a kanta.

Daga wannan littafi aka gaji 'yan mata uku masu shiru, fararen fuska, suna yawo a kan tuddai iska na kaɗa musu riga. Masana irin su Juliet Barker, da babban littafinta na 1994, sun daɗe da rushe wannan hoto, amma binciken masana ba ya saurin isa falo. Fim ɗin ne ya kai shi. Charlotte ɗinsa gajeriya ce mai kaifin baki da son a san ta, Emily doguwa mai zafin rai da aikin kicin, Anne mai shiga tsakani. Wurin da kusan kowa ya yaba shi ne tafiyar Landan ta Yulin 1848. Mawallafin Emily da Anne, Thomas Newby, ya yaɗa cewa 'yan Bell mutum ɗaya ne don ya ci kasuwa da sunan Jane Eyre. Charlotte da Anne suka taka zuwa Keighley cikin ruwan sama, suka hau jirgin dare, da safe suka tsaya a gaban mawallafin Charlotte, George Smith, matashi ɗan shekara 24, cikin tufafinsu na ƙauye. Charlotte ta miƙa masa wasiƙar da shi da kansa ya aika wa Currer Bell, sunanta na aro. Emily ta ƙi zuwa.

## Abin da ya rage wa mai kallo da mai karatu

Fim ɗin ya ƙare da tsalle zuwa yau. Kyamara ta shiga gidan na gaske, wanda ya zama gidan tarihi tun 1928, ga baƙi da jakunkuna suna leƙa ɗakuna. Wasu sun ce an farkar da su daga mafarki da ruwan sanyi, wasu sun ce talla ce kawai, wasu kuma nan ne suka yi hawaye. Ga mutanen Haworth, maganar ba ta ado ba ce. Masaƙun sun mutu tuntuni, shaguna da masaukai da gidajen shayi na garin da sunan Bronte suke ci, kuma fim ɗin ya zo daidai shekara 200 da haihuwar Charlotte. A 2017, shekarar cikar Branwell 200, gidan tarihin ya ba mawaƙi Simon Armitage ya shirya baje koli a kansa, har aka sake tsara ɗakinsa a hargitse. Mutumin da a da ake kawar da kai in an zo kansa ya zama abin da ake biyan kuɗin shiga a gani.

Haɗarin da ke ciki shi ne wanda ke cikin kowane fim na tarihi: mai kallo ya sauke hoton Gaskell ya ɗauki na Wainwright a matsayin gaskiya tsantsa. Kalaman da aka yi a kicin, wa ya harari wa, me Emily ta ce wa ɗan'uwanta da dare, duk cike giɓi ne. Ranaku da kuɗi da wasiƙu su ne ƙashin bayan.

Wanda fim ɗin ya tura shi neman littattafan kuma ya duba bugun da zai saya. Wuthering Heights yana yawo iri biyu, na 1847 mai Joseph ɗin Emily da na 1850 mai Joseph ɗin da Charlotte ta sassauta. The Tenant of Wildfell Hall ya fi shan wahala. Charlotte ba ta yarda a sake buga shi tare da sauran a 1850 ba, tana ganin batun da Anne ta zaɓa kuskure ne. A 1854 wani kamfani ya fitar da bugu mai araha da aka yanke wa sassa, har da wasiƙa zuwa ga wani mai suna Halford da ke buɗe labarin, kuma bugu da yawa na Ingila daga wannan yankakken suka yi ta kwafa har cikin ƙarni na 20. In ka buɗe naka ka ga bai fara da wasiƙa zuwa ga Halford ba, yankakken ne a hannunka.